Yadda Ake Aikin Koci, da Inda Ya Rabu da Ba da Shawara

Ma'aikaci ya zo wurinka yana kukan cewa ogansa ya jibga masa aikin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma kasa buɗe baki ya gaya masa. Kafin ya dire maganar ka riga ka tanadi amsa: ya rubuta ayyukan a takarda, ya sami ogan da sassafe kafin ofis ya cika, ya roƙi a rage masa. Shawara ce mai kyau. Zai yi godiya, ya ce in sha Allahu, bayan mako biyu ka tarar bai je ba. Tun kafin ya zo wurinka ya san da wannan hanyar, wataƙila ma matarsa da abokansa biyu sun riga ka faɗa masa. Abin da ya hana shi binta ne ba wanda ya tona, domin kowa na gaggawar miƙa magani. Aikin koci shi ne tonon wannan abin, a bisa tsari, da yarjejeniya, cikin ƙayyadadden lokaci, kuma sana'a ce da ake biyan kuɗi a kanta.

Mun fi sanin koci a ƙwallon ƙafa, mai tsayawa bakin fili yana daka wa 'yan wasa tsawa. Wanda ake magana a nan kusan kishiyar wancan ne. Asalin kalmar sunan wani ƙauye ne a ƙasar Hungary, Kocs, da ya shahara da ƙera keken doki. Wajen 1830 ɗaliban Jami'ar Oxford suka aro ta suna kiran malamin da yake ɗaukarsu ya tsallakar da su jarrabawa. Ma'anar ta farko ta cancanci a riƙe ta: keken doki yana kai mutum inda shi ya ce za shi.

Sana'ar yadda take a yau a Amurka da Ingila ta taso. Timothy Gallwey, mai koyar da wasan tanis a Kalifoniya, ya lura cewa yawan umarnin da yake ba ɗalibai, ɗaga hannu, lanƙwasa gwiwa, juya kafaɗa, ƙara dagula musu wasa yake yi. Sai ya rage umarni, ya riƙa sa su zuba ido a kan ɗinkin da ke jikin ƙwallon, ko su furta kalma ɗaya daidai lokacin da ta taɓa ƙasa, wata kuma lokacin da aka buge ta. Da hankali ya koma kan lura, jiki ya riƙa gyara kansa. Ya rubuta wannan a 1974. John Whitmore, ɗan Ingila kuma tsohon ɗan tseren mota, ya koya a wurinsa ya kai dabarar cikin kamfanoni, kuma littafinsa na 1992 ne ya yaɗa tsarin zaman da akasarin masu koyon sana'ar ke farawa da shi. A 1995 Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar ICF a Amurka, wadda ita ce mafi girma cikin ƙungiyoyin da ke ba masu sana'ar shaida.

Bambancin da ya kamata a fara fahimta shi ne wa ke riƙe da me. Idan ka je wurin lauya ko akanta, ilimin yana wurinsa, kai ka kawo matsala ya ba ka mafita, kuma idan mafitar ta ɓaci da laifinsa a ciki. Ubangidan sana'a, irin wanda yaro ke zama a shagonsa shekaru kafin a sallame shi, yana ba ka ne daga abin da ya gani a hanyar da ya riga ka bi. Likitan ƙwaƙwalwa yana maganin ciwo. Koci kuwa yana riƙe da tsarin tattaunawar kawai: yadda za a fara, inda za a tsaya, tambayar da za ta biyo baya. Abin da za a tattauna, da hukuncin da za a yanke, da aiwatarwa, duk na wanda ya zo ne, wanda za mu riƙa kira mai buƙata. Hujjar wannan rabon aiki Hausawa sun daɗe da faɗinta, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ba da shawara ya ji labarin minti biyar ne. Mai buƙata ya shekara uku a ofishin, ya san halin ogan, ya san wa ke kai gulma, ya san abin da ya faru da wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Kafin zaman farko

Ana farawa da gajeriyar ganawa ta minti 20 zuwa 30, yawanci kyauta, don kowa ya ga ko jininsu zai haɗu. A nan koci yake bayyana aikinsa ƙarara: zan yi ta yi maka tambayoyi, ba zan riƙa gaya maka abin da za ka yi ba, kuma tsakanin zama da zama kai za ka yi aikin. Wanda aka tsallake masa wannan bayanin shi ne yake tashi a zama na biyu yana cewa ya biya kuɗi an ƙi gaya masa komai.

Daga nan sai yarjejeniya a rubuce, ko da shafi ɗaya ce. Abin da aka saba shi ne zama 6 zuwa 12, kowanne minti 45 zuwa 60, wasu har 90, mako biyu-biyu, a cikin wata uku zuwa shida. Tazarar mako biyun tana da dalili. Idan an matse ta, mai buƙata bai sami lokacin gwada abin da ya ce zai yi ba, sai zaman ya koma hira. Idan ta wuce wata guda, zaren ya tsinke, rabin zaman zai tafi wajen tuna inda aka tsaya. A rubuta kuɗi da lokacin biya, da sa'o'in da za a ba da sanarwa kafin ɗage zama (24 ko 48 aka fi sawa), da yadda kowane ɓangare zai iya janyewa. A rubuta babban burin da ake son kaiwa a jimla ɗaya ko biyu da kalmomin mai buƙata, da alamar da za a gane an kai.

Sirri shi ne ginshiƙi, kuma a faɗi iyakarsa tun ranar farko: abin da aka faɗa ba ya fita, sai idan akwai haɗari ga ran mai buƙata ko na wani, ko doka ta tilasta. Inda aka fi samun matsala shi ne idan kamfani ne ya ɗauko kocin yana biya wa ma'aikacinsa. A nan a yi zaman mutum uku tun farko, koci da mai buƙata da wakilin kamfanin, a amince da abin da kamfanin zai samu: yawan zaman da aka yi, da ko ana tafiya zuwa ga burin da aka tsara. Abin da aka tattauna a ciki ba ya cikin rahoto. Kocin da ya bari manaja ya ja shi gefe ya tambaye shi "me yaron nan yake cewa a kaina?" har ya amsa, ya gama kashe aikinsa, domin labari zai koma.

Wurin zama ya zama inda ba a jin magana daga waje kuma ba a shigowa barkatai. Idan namiji da mace ne, ofis mai ƙofar gilashi, ko waya, ko bidiyo, ya fi kwanciyar hankali ga kowa.

Yadda sa'a ɗaya take tafiya

Tsarin da Whitmore ya yaɗa ana kiransa GROW, haruffan farko ne na kalmomin Turanci huɗu da ke nufin buri, halin da ake ciki, zaɓuɓɓuka, da niyyar aiwatarwa. Ba dole a bi su kamar karatun allo ba, ana komawa baya idan ta kama, amma duk zaman da ya rasa ɗaya cikinsu ana ganin gurbin.

Minti 5 zuwa 10 na farko na tsayar da burin zaman ne, kuma nan sababbin koci suke fi yin sakaci. Mu koma ga ma'aikacin nan, koci ne ya fara magana.

"Malam, idan mun tashi ƙarfe biyar, me kake so a ce ka fita da shi daga ɗakin nan?"

"Ni dai aikin nan ya yi mini yawa."

"Na ji. To a sa'a ɗayar nan, wane gefe na wannan kake so mu taɓa?"

"Ina so in san yadda zan yi wa oga magana."

"Yadda za ka tsara kalmomin, ko wani abu daban?"

"Kalmomin ai na san su. Zuwan ne ba na iyawa."

Da an tsaya a amsarsa ta farko, da an ɓata zaman wajen tsara jadawalin aiki. Da an tsaya a ta biyu, da an rubuta masa jawabin da ba zai karanta ba. Sai a tambaya ta uku aka iso wurin da yoyon yake. Ƙorafin da mutum ya shigo da shi sau da yawa riga ce ta waje, shi ya sa ba a hanzarin wuce wannan matakin.

Minti 15 zuwa 20 na gaba na halin da ake ciki ne, kuma shi ne ɓangare mafi tsawo. Me ya faru karo na ƙarshe da ka yi niyyar zuwa? Me ka riga ka gwada? Idan ka tsaya a ƙofar ofishinsa, me kake gaya wa kanka? Wace shaida kake da ita cewa zai ɗauka haka? A irin wannan tonon ne ma'aikacin zai iya cewa ogan ne ya yi masa hanya ya sami aikin, kuma a ganinsa cewa "ya yi mini yawa" butulci ne. Babu mai ba da shawarar da zai iya hasashen wannan daga waje, kuma shawarar "je ka same shi da safe" ba ta ko kusanci wurin ba.

Sannan zaɓuɓɓuka, minti 10 zuwa 15. Mai buƙata ne yake kawo su, koci yana ƙirgawa. Kada a tsaya a biyu, domin biyun farko yawanci su ne waɗanda ya daɗe yana juyawa a ransa: in yi shiru ko in bar aikin. Tambayar "sai me kuma?" ita ce babban makami a nan, a maimaita ta har sau uku ko huɗu. Idan ya cije, a canja masa mazauni: da ƙaninka ne a wannan halin, me za ka ce masa? Da ka tabbata ogan ba zai ji haushi ba, me za ka yi? Ba a auna kyau ko munin wani zaɓi sai an gama jero su, domin da zarar koci ya ce "wannan ya yi" a kan na biyu, ba za a ji na uku ba.

Minti 10 na ƙarshe na niyya ne. "Zan yi ƙoƙari in yi masa magana" ba mataki ba ne. Matakin da ake nema yana da rana da wuri da abin da zai tayar da shi: "Ranar Talata, da an tashi daga taron safe, zan bi shi ofis in ce ina neman minti goma." Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer, Bajamushe, ya yi shekaru yana bincike a kan wannan, ya kuma nuna cewa wanda ya ɗaure niyyarsa da lokaci da wuri ya fi aikatawa a kan wanda ya tsaya a niyya kawai. Sai a tambayi abin da zai iya hana shi, da abin da zai yi idan hakan ya faru. A ƙarshe a ce ya auna kansa daga 1 zuwa 10, yaya tabbacinsa cewa zai yi. Whitmore ya ce a gogewarsa wanda ya ba kansa ƙasa da 8 da wuya ya aikata. Idan ya ce 6, ba a yi masa wa'azi, ana tambayarsa me za a rage ko a canja a matakin har ya kai 8. Sau da yawa amsar ita ce a ƙanƙanta shi.

Mai buƙata ne yake taƙaita zaman da bakinsa, shi kuma yake rubuta matakinsa da hannunsa. Zama na gaba yana buɗewa da abin da ya faru da wannan matakin. Idan bai yi ba, tambayar ita ce me ya shiga tsakani, cikin murya irin ta mai son sani, domin rashin yin ma labari ne mai amfani.

Tambaya da shiru

Tambaya mai kyau gajeriya ce, ɗaya ce, kuma kocin bai san amsarta ba. Wannan sharaɗi na uku shi ne ma'auni. Akwai shawarar da take sanya rigar tambaya ta shigo: "Ka taɓa tunanin ka rubuta masa wasiƙa?" ko "Ba ka ganin zai fi kyau ka bari sai ƙarshen wata?" Mai buƙata yana gane su nan take, kuma sun fi shawarar fili muni, domin an ba shi umarni an kuma nuna kamar shi ya zaɓa. Duk tambayar da ta fara da "ba ka ganin" ko "me zai hana ka", a binciki abin da ke cikinta.

A yi hattara da "me ya sa". A kunnen mutane da yawa tuhuma ce, irin tambayar da uba ke yi wa yaron da ya fasa tulu, kuma amsarta kare kai. "Me ya sa ba ka je ba?" zai jawo uzuri. "Me ya faru ranar Talatar?" zai jawo labari. Haka kuma jero tambaya uku a numfashi ɗaya: mai buƙata zai zaɓi mafi sauƙi ya amsa, sauran su bi iska.

A yi amfani da kalmominsa. Idan ya ce yana jin kamar an ɗaure shi, kada koci ya mayar da ita "wato kana cikin damuwa". A ce "ɗaure da me?" Kalmar da mutum ya zaɓa tana ɗauke da abin da fassarar koci za ta zubar.

Shiru ya fi komai wuyar koyo. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar ana katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici da fara bayaninsa. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1970, Mary Budd Rowe ta auna malaman makaranta ta ga kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya, kuma da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo da zurfi. Waɗannan ƙwararru ne masu kyakkyawar niyya, hanzarin taimako ne yake sa su katse mutum. Dabarar aiki mai sauƙi: bayan ka yi tambaya, ƙirga biyar a zuci. Bayan mai buƙata ya yi shiru, ƙirga uku kafin ka ce uffan, domin jimlar da take zuwa bayan ɗan shirun nan sau da yawa ita ce ta gaskiya. Idan ka ga idonsa ya bar fuskarka ya tafi sama ko gefe, tunani yake yi, kada ka kutsa.

Hanyar da koci zai san gaskiyar kansa ita ce ya naɗi zama ɗaya da izinin mai buƙata, ya saurara da agogo a hannu. Idan muryarsa ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin, lacca yake yi. Ya kuma ƙirga sau nawa ya ce "ni da ni ne" ko ya kawo labarin kansa. Sauraron ba daɗi, amma ba abin da ke gyara koci da sauri kamarsa.

Kunya da girma

Tsarin nan an gina shi ne a wuraren da ƙarami ke iya ce wa babba "ban yarda ba" ba tare da an ga rashin tarbiyya ba. A wurinmu, idan koci ya girmi mai buƙata ko ya fi shi muƙami, amsar da zai yi ta samu ita ce "haka ne, ranka ya daɗe" da "duk yadda ka ce". Wannan amincewar ladabi ce, ba a gina mataki a kanta. Maganinta shi ne a daina tambayar da ake amsawa da e ko a'a. Maimakon "ka yarda?", a ce "wane ɓangare na wannan ne bai zauna maka ba?", tambayar da ta riga ta ba shi izinin samun ƙorafi. Awon 1 zuwa 10 ma yana taimakawa sosai, domin mutumin da ba zai iya cewa a'a ba yana iya cewa 4.

Idan kuma mai buƙata ne babba, matsalar takan juya: koci ya ji nauyin tambayar Alhaji ko Hajiya abin da zai sosa musu rai. A nemi izini a fili: "Hajiya, akwai abin da na lura da shi, in faɗa?" Sannan a faɗi abin da aka gani ba tare da hukunci ba: "Sau uku kin ambaci ɗan'uwanki a maganar shagon nan, kowane karo muryarki takan sauka." A tsaya nan. Ita za ta ce ko akwai wani abu a wurin.

Wani abin kuma: mutum yakan ce sai ya yi shawara da mahaifinsa ko yayansa kafin ya yanke hukunci. Kocin da ya haddace littattafan waje yana iya ɗaukar wannan a matsayin rauni da za a yi maganinsa. Kuskure ne. Mutanen nan suna cikin halin da ake ciki, kuma zuwa wurinsu yana iya zama shi ne matakin makon. Tambayar da ta dace ita ce me yake so ya samo daga wurinsu, kuma yaya zai gabatar da maganar.

Idan ya nace sai ka gaya masa

Zai faru, yawanci a zama na biyu ko na uku: "Malam, kai dai gaya mini abin da zan yi." Ƙin amsawa gaba ɗaya wasa da hankali ne, musamman idan kana da abin da ka sani. A raba abu biyu. Idan bayani ne tabbatacce, kamar yadda ake lissafin riba ko takardun da ake buƙata wajen rajistar kamfani, faɗa masa kai tsaye ko ka nuna masa inda zai samu. Ba a yi wa mutum tambayoyi don ya gano abin da ke rubuce a doka. Idan kuwa hukunci ne da ya rataya a kan rayuwarsa, ka ce zan faɗi nawa, amma bari mu fara jin naka guda uku. Bayan nan ka nemi izini, ka sanar cewa ka tuɓe hular koci na minti biyu, ka kawo ra'ayinka a matsayin ɗaya cikin jerin, ka rufe da "me ka ɗauka a ciki, me ka bari?" Idan ka fara da naka, nasa ba zai fito ba, domin ra'ayin wanda ake biya yana danne na mai biya.

Illar yawan ba da shawara takan ɗauki lokaci kafin ta bayyana. Idan shawarar ta yi kyau, mai buƙata ya koyi cewa mafita tana wurinka, sai ya fara kiran waya kafin kowane ƙaramin hukunci. Idan ta ɓaci, laifin naka ne, shi bai koyi komai ba. Alamar cewa aikin ya karkace ita ce mai buƙata ya riƙa buɗe zama da "to yau me za mu yi?"

Inda koci bai dace ba

Sabon ma'aikacin da bai san aikin ba koyarwa yake buƙata. Tambayarsa "kai me kake gani?" a kan injin da bai taɓa kunnawa ba zalunci ne. Lokacin gaggawa ma umarni ake bayarwa. Manajan da yake son ya riƙa yi wa na ƙasa da shi aikin koci yana iya aron tambayoyin da shirun, kuma za su amfane shi, amma ya sani cewa wanda yake rubuta maka rahoton ƙarin girma ba za ka buɗe masa ciki duka ba. Idan manaja ya riga ya yanke hukunci, ya faɗa kawai, kada ya yi ta jan mutum da tambayoyi har sai ya furta abin da ake so.

Iyaka mafi muhimmanci ita ce ta lafiya. Idan mai buƙata ya yi makonni ba ya barci ko ba ya cin abinci, ya daina jin daɗin komai, yana shaye-shaye, ana dukansa a gida, ko ya ambaci cewa gara ya mutu, an fita daga hurumin koci. A gaya masa cikin natsuwa cewa wannan ya fi ƙarfin irin wannan zaman, a haɗa shi da likita ko masanin da ya dace, kuma idan maganar kashe kai ce, a ranar za a yi, ba a bar shi shi kaɗai ba. Koci ya tanadi sunayen wuraren da zai tura mutane tun kafin ya karɓi mai buƙata na farko.

Shaidar ƙwarewa

A mafi yawan ƙasashe babu lasisin gwamnati a wannan sana'a, kowa yana iya buga kati ya kira kansa koci, shi ya sa masu jawabin zaburarwa da masu sayar da kwas suka cika fagen da sunan. Shaidar ICF hawa uku ce. ACC tana buƙatar sa'a 60 ta horo da sa'a 100 ta zama da masu buƙata, 75 daga ciki na biya. PCC sa'a 125 ta horo da sa'a 500 ta aiki. MCC sa'a 200 ta horo da sa'a 2,500 ta aiki. Kowane hawa yana buƙatar sa'a 10 a ƙarƙashin gogaggen koci mai sauraron aikinka yana gyara maka, kuma ana sabunta shaidar duk shekara uku. Akwai kuma ƙungiyar EMCC da ta samo asali a Turai, da nata matakan. Takarda ba ta tabbatar da iyawa, amma tana nuna cewa wani ya taɓa sauraron zaman mutumin, kuma akwai inda za a kai ƙararsa idan ya saɓa ƙa'ida.

Mai neman koci ya yi amfani da ganawar farko ya auna: wa ya fi magana a minti 30 ɗin? An yi masa alkawarin sakamako, irin ninka riba cikin wata uku? Wanda ya yi wannan alkawarin talla yake yi, domin sakamakon yana hannun wanda zai aiwatar. Ya tambayi kocin wa yake duba masa aikinsa, da abin da yake yi idan matsala ta fi ƙarfinsa.

Mai son koyon sana'ar kuwa ya fara da rukunin mutum uku: ɗaya koci, ɗaya mai buƙata da matsala ta gaske, ɗaya mai lura da agogo da takarda. Minti 20 na zama, minti 10 na gyara, sannan a juya. Mai lura ya rubuta tambayoyin kocin kalma da kalma, ya sa alama a kan duk wadda shawara ce a ɓoye. Mai koyon kuma ya buɗe rajistar sa'o'insa tun daga ranar farko, da kwanan wata da tsawon zama da ko an biya, domin ita za a nema ranar neman shaida.

A tsakiyar yarjejeniya, wajen zama na uku in shida ne, a ware minti 10 a tambayi mai buƙata abin da ke amfanarsa a zaman da abin da za a canja. Zama na ƙarshe kuma ba a kawo sabuwar matsala. Ana ɗauko burin da aka rubuta ranar farko a karanta, ya faɗi inda ya kai, ya lissafa tambayoyin da suka fi yi masa aiki don ya riƙa yi wa kansa su, ya kuma ambaci mutum ɗaya ko biyu da zai riƙa gaya wa matakansa. Idan yana son a ci gaba, a bar wata ɗaya ko biyu ya wuce tukuna, sannan a rubuta sabuwar yarjejeniya da sabon buri.